Nonon da Ba na Sayarwa Ba

Dela na tankaɗen gari a tsakar gidansu da ke Roni, ta sake ɗauko zancen da ɗanta Halliru ya gaji da ji.

"Kai fa yanzu ɗan jami'a ne. Gobe-gobe ka ɗauko digiri, gwamnati ta ba ka gida da mota. Sai ka ajiye 'yar tallan nono a ciki?"

"Inna, Fatu ce fa. Tun ban san hanyar Zariya ba nake son ta."

"To, ai yanzu ka san hanyar."

Zamanin kuɗin man fetur ne, duk wanda ya ɗan samu sai ya fara duban na ƙasa da shi a ɗage. Shi kuwa gogan naku da sukolashif, wato kuɗin tallafi, yake karatu, wanda Alhaji Daudu, ɗan kwangilar Kazaure, ya kafa da sunan iyalan wani Muhammadu Lawal. Halliru bai taɓa tambayar ko wane ne mutumin ba, tunda cinsa da shansa ba su yanke ba.

Maganar uwa ta yi ta cin sa a hankali. Da ya zo hutu, ranar kasuwa yana zaure da abokan karatunsa, sai ga Fatu ta taso tun daga rugarsu ta hanyar Gwiwa, da kindirmon da ta saba ware masa.

"Wace ce wannan kuma?" in ji ɗaya, yana dariya.

"Mai nono ce," Halliru ya ce, bai ko ɗaga kai ba. "Ke, yau ba ma saye."

Fatu ta mayar da faifai kan ƙwarya. "To, Allah ya ba mu alheri." Sai da ta fita gari ta yi kukanta, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Kafin hutu ya ƙare, Alhaji Daudu ya tara ɗalibansa, har da abokan nan na Halliru, ya ce za su je gaida masu sunan tallafin. Halliru ya sha guga, a zatonsa wani katafaren gida za a. Sai motarsu Fijo ta kama hanyar Gwiwa, ta saki titi, ta tsaya a rugar da ya sani kamar tafin hannunsa.

Alhaji ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Hamma, mahaifin Fatu, sannan ya juyo.

"Ga Muhammadu Lawal. Ku Hamma kuka sani, don a gidan nan ba a kama sunan babba. Ina maraya ya ɗauke ni, na sha nono ƙwarya ɗaya da 'ya'yansa. Bai taɓa roƙona komai ba sai sau ɗaya, da ya ce akwai wani yaro Halliru a Roni, mutanen gidan nan sun ce yana da ƙoƙari. Wane ne Halliru a cikinku?"

Da ƙyar ya ɗaga hannu. Ji yake da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Fatu ta fito da nonon baƙi, ta bi kowa ta ba shi. Da ta zo kansa ta rusuna, ta yi ƙasa da murya.

"Sha, Malam. Wannan ba na sayarwa ba ne."

Hawaye suka zubo masa a gaban abokan nan nasa. "Fatu, ki yafe mini. Kin sani duk shekarun nan?"

"In na faɗa maka, ai da ban san don me kake zuwa wurina ba."

Labari ya iske Dela. Da ƙafarta ta taka har rugar ta nemi gafara, aka sa rana bayan kaka.

Wanda duk ilimi ya sa ya raina mutane, to ya fara tambayar wa ya ɗora shi inda yake. Fatu ta yi haƙuri ta samu mijin da ya san darajarta. Har suka tsufa, in ta miƙo masa nono, da hannu biyu yake karɓa.