Zauren da Jatau Ya Zana Shi Kaɗai

A wani zamani can, an yi wasu aminai biyu masu zanen bango, Jatau da Ilu. Jatau ya koya wa Ilu haɗa launi, Ilu ya koya wa Jatau lanƙwasa layi.

Rannan wani attajiri ya ja Jatau gefe. "Rabu da gurgun nan Ilu! Kai kaɗai za ka zana mini zaure."

Ran Jatau ya ɓaci, amma ya kama aiki. Ya ja layuka miƙaƙƙu, ya ƙara jan miƙaƙƙu, har bango ya zama kamar shingen kara.

Attajiri ya daka tsawa: "Ina kyan zanenka?"

Jatau ya ce, "Iyakar nawa ke nan. Sauran yana hannun wanda ka ce in rabu da shi."