Faifan da Ba Ya Shiri da Ruwa

A ɗakin kimiyya na wata makaranta akwai wani baƙin faifai, bai fi murfin kwalba girma ba. Shi kaɗai ne a makarantar.

Ran Juma'a Malamin Kimiyya ya zuba masa ruwan naitirojin mai tsananin sanyi. Farin tururi ya tashi. Ya ɗauko maganaɗisu da hantsaki, ya sake shi a saman faifan. Bai faɗi ba. Ya tsaya a iska yana juyawa.

"Malam, zare ka ɗaura?" in ji wani ɗalibi.

"Zare a ina? In faifan nan ya sha sanyi, ba ya barin ƙarfin maganaɗisu ya shige shi. Ture shi yake yi."

Da darasi ya ƙare, Malam ya kira Monitar ajin.

"In sanyin ya sake shi, zai yi raɓa. Ki goge shi tas kafin ki ajiye, ruwa yana cinye shi. Ran Litinin 'yan aji ɗaya za su zo kallo."

"To, Malam."

Malam na fita, ta ɗauki hantsakin, ta turo ciki, ta shaƙe murya.

"Zaaare a ina? Kai, mai kan kwakwa, zauna!"

Ƙawayenta suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Aka buga ƙararrawa. Ta jefa faifan a akwati yana jiƙe, ta bi su.

Ran Litinin yara suka cika benci. Faifan ya yi fari-fari, gefensa ya gutsure. Malam ya zuba ruwan naitirojin, ya saki maganaɗisu. Ƙwas! Ya faɗi. Ya sake gwadawa. Ƙwas!

"Malam, ko barci yake yi?" in ji wata 'yar ƙarama.

Monita, da ta zo taya Malam aiki, ta miƙe.

"Malam, ni ce. Ban goge shi ba."

"Me ya hana ki?"

"Ina... ina kwaikwayonka ne."

Malam ya daɗe yana kallonta.

"Na dai fito da kyau?"



Ya duba faifan. Tsakiyarsa ba ta lalace ba. Ya nemo wani maganaɗisu ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar shinkafa, ya miƙa mata hantsakin.

"Saki a hankali."

Ta saki. Ɗan abin ya yi rawa, sannan ya tsaya a iska. Yara suka ɓarke da tafi.

Monita ba ta daina kwaikwayo ba. Amma ta koyi abu ɗaya: in an ba ka aiki, ka gama shi tukuna, wasa ya biyo baya.