Ruwan da Na Zubar a Kan Hanya

Ranar Chung Yeung ce, ranar da mutanen Hong Kong ke hawa dutse su gaida kaburburan iyayensu. Wata biyu ba a yi ruwa ba, iska na kaɗa busasshiyar ciyawa.

Aikina a gandun shaƙatawa shi ne kai ruwa ga masu ƙona takardun sadaka a kabari, don kashe toka.

Budurwata Wing-sze ta kamo hannuna. "Zo, Lok nawa. Yau Mama za ta san ka."

Ta miƙo min sandunan turare uku. A gidansu, wanda ya kunna su a kabarin uwar yarinya ya zama suruki.

Babanta ya fizge su.

"Kawu Liu..."

"Waye kawunka? Ko sakandare ba ka gama ba! Matata malamar makaranta ce, ba ta karɓar turaren ɗan bokiti!"

Dangi suka ƙyalƙyale da dariya.

"Haba Baba..." in ji Wing-sze.

"Zaɓi! Ko shi, ko mu."

Ta sunkuyar da kai. Ko kallona ba ta yi ba.

Suka ƙona gidan takarda da riguna, suka ci gasasshen alade, suka gangara. Na tarar da garwashi jajir a ƙarƙashin tokarsu, bokitina cike. Na san doka: wanda ya bar wuta, kotu. Na hango Kawu Liu gaban alƙali, dangin nan suna kallo. Ciyawa kaɗan za ta ci, na ce wa kaina.

Na juye ruwan a kan hanya.

Iska ta juya, wuta ta kama dutsen. Kwana biyu jirage na zuba ruwa daga sama.

A rana ta uku Wing-sze ta same ni a ƙofar gandun, da jaka a kafaɗa.

"Na baro gida, masoyina. Kai na zaɓa." Ta matso kusa da ni. "Amma Baba ya rantse ya gan ka kana nufar kabarin da ruwa. Na ce ƙarya yake. Lok... kalle ni. Ƙarya yake, ko?"

Na kau da kai.

"Mamata ce a wurin, Lok! Mamata!"

Ta juya da jakarta.

Itatuwa dubu uku suka ƙone. Kaburbura goma sha ɗaya, har hoton mamanta ya narke a jikin dutsen kabarinta. Aikina ya tafi. Kawu Liu ko kwana ɗaya bai yi a tsare ba. Wing-sze kuma, shekara biyu ke nan ban ji muryarta ba.