Duwatsun Gindin Mangwaro

Rana ta yi ja a bayan gonakin rake na Labasa, hayaƙin ramin gashi yana bin ƙasa a hankali, sai dutse ya faɗo a kan sabon rufin kwanon Tayyab. Kwaram! Hira ta tsaya cak.

Tayyab ya ji kamar a ƙirjinsa aka jefa. Rabin rayuwarsa ya kwashe yana jan motar rake kafin ya tsayar da gidan nan, yau kuma ranar tarewa ce. Abokansa na yarinta da suka yi sikawut tare sun zo, Semesa daga birnin Suva, Biren tun daga Okland a ƙetaren teku. Burinsa ɗaya tak, su kwana a ɗakin baƙin da ya gina dominsu, su san shi ma ya zama mutum.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Biren.

"Wane maƙwabci? Rake ne gabas da yamma," Tayyab ya amsa a fusace.

Dutse na biyu ya sauko, na uku ya lotsa kwanon baranda. Tayyab ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, nan take ya yar yana yarfe hannu. Zafi zau. Ramin kuwa yana nan a rufe da ganyen ayaba da ƙasa, kaji da gwaza suna dahuwa a ciki kan zafafan duwatsu, ba wanda ya taɓa shi. Tsuntsaye suka yi shiru. Gwaggwannin da suka zo tarewa suka fara neman takalmansu, kowace ta tuna ta bar abu a kan wuta. Abincin da aka wuni ana yi, ko ɗanɗanawa ba su tsaya yi ba.

Ana cikin haka Nazmin, 'yarsa budurwa, ta fito da farantin shayi. Ta tsaya a tsakar gida, farantin ya suɓuce, ta juyo da wuya a hankali ta yi dariya da muryar tsoho.

"Ka tsaya kallon kwano?" Shamshun, matar Tayyab, ta daka masa tsawa. "'Yarka fa!"

Biren ya figi mota ya ɗauko malaminsu, Maulana Basharat. Dattijon ya shigo ba gaggawa, ya zauna gaban yarinyar, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Duhun magariba ya cika gidan. Can ya ɗago.

"Wane ne kai?"

"Maƙwabcin mai gidan nan," in ji muryar. "Na riga kakansa zuwa nan."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba komai, bakinta na ara. Tambayi gwanayen daji inda suka samo duwatsun raminsu."

Semesa ya sosa ƙeya. "Malam, mu fa ƙa'ida muka bi. Tun muna yara aka koya mana dutsen rafi fashewa yake a wuta. Sai muka ga busassu a jere gindin tsohon mangwaro..."

"A jere," in ji Maulana. "Wa kuke tsammani ya jera su?"

Takaici ya turnuƙe Tayyab. "Na ce a dafa shinkafa a tukunya kamar kowa! Kuka ce sai an tuna da! Ga da ɗin nan, ku ci!"

"An ƙone gidana don a buɗe nasa," muryar ta ce. "Gida a bakin gida. Su fita, ko in tafi da ita."

Shamshun ta durƙushe. Maulana bai yi musu ba, ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Nazmin ta murɗe, gumi ya keto mata, muryar ta yi ƙara ta ce ya isa.

"An zalunce ka, amma ba da gangan ba," in ji Maulana. "Hannayen da suka kwaso su za su mayar, yau ɗin nan."

"Sun yi baƙi. Ba na kwana cikin ƙauri."

"Damina za ta wanke su."

"Kafin damina fa, ina zan sa haƙarƙarina?"

Maulana ya dubi Tayyab, Tayyab ya dubi 'yarsa da idanunta suka kakkafe. Sannan ya nuna ƙofar ɗakin baƙi ba tare da ya kalle ta ba.

"Ɗaki ɗaya," in ji Maulana. "Ba jifa, ba taɓa yarinya. Ruwan farko ka kama gabanka. Rantse."

Muryar ta rantse. Nazmin ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta tana tambayar wa ya zubar da shayi.

Semesa da Biren suka tone ramin, suka yi ta jigilar duwatsu a jiƙaƙƙun buhuna. Da suka gama suka ɗaure tamfol a jikin motar rake, suka baje tabarma a ƙasa. Abin haushi, murna suke yi.

"Tayyab, zo ka gani!" Biren ya ƙwala kira. "Wallahi kamar muna sansani!"

Tayyab bai je ba. Yana tsaye a zaure, hannu a kumbure, sai ya ji sabon gadon da ke bayan rufaffiyar ƙofar ɗakin baƙi ya yi ƙara, irin ta wanda ya samu wuri ya miƙe ƙafa.