Hasumiyar da ta Leƙa Gidan Malam Hadi

Kowa a Daudawa ya san ba a hawa sama sai an ɗaga murya, matan maƙwabta su kimtsa. Gide ya sani, zumuɗi ne ya mantar da shi ran da ya hau hasumiyar famfon iskan da ya ƙera wa rijiyar unguwa.

Yana waiwayawa ya hango Suwaibatu a tsakar gidan ubanta Malam Hadi tana surfe, kai ba ɗankwali. Ta harare shi, ya kusa faɗowa. Wallahi daga nan bai sake warkewa ba.

Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa injin gas yake so, ga fari bai daɗe da cinye shanu ba. Gide dai ya kafe.

"Mai ƙarewa yake, sanyin idona," ya ce mata a bakin rijiya. "Hayaƙin nan ma ban yarda da shi ba. Iska kuwa ba mai rufe ta."

"Kai dai ka iya zance, maleƙi," ta ce tana ɓoye murmushi.

Da iyayensa suka je tambaya, Malam Hadi ya murtuke. "Wanda ya leƙa mini gida zan ba ɗiya? A tumɓuke ƙarfen nan!"

Alhaji Bilya ɗan kwangila, wanda shi ma ita yake so, ya yi maza ya yi alƙawarin inji.

Ran da samari suka zo da igiyoyi, suka tarar da Suwaibatu zaune a gindin hasumiyar, matan unguwa kewaye da ita da tuluna. Ubanta ya iso yana huci. Ta durƙusa, amma ba ta matsa ba.

"Baba, ya yi laifi, a hukunta shi. Famfon nan mi ya yi? Tun da aka kafa shi ba mu ja guga ba. In za a kada shi, a kada shi a kaina."

Gide ya zube gefenta. "Baba, na tuba. Zan ƙara wa katangarka tsawo da hannuna."

Malam Hadi ya daɗe yana duban tafin hannun ɗiyarsa, inda kantar igiya ta fara bajewa.

"Ku naɗe igiyoyinku," ya ce.

Gide ya kwaɓa ƙasa har bayansa ya sage, Bilya ya kai injinsa Faskari. Bayan girbi aka ɗaura aure.

Da za a tafi da amarya, tsohon ya dafa kanta.

"Taurin kan nan nawa ne kika ɗauko. Allah ya yi maku albarka."