Takalmin Roba a Bakin Ƙofar Shugaba

Ni na riga kowa gani. Tun a jirgin sama, yara na ta kiran sunan Yesu saboda girgiza, ni da na tsira daga kifewar kwale-kwale da saran kububuwa ko gezau, idona na kan Auta. Ban taɓa zama a aji ba, amma ciwon so ko cikin bargo aka naɗe shi sai na sansano.

Ikkilisiyarmu ce ta tura mu wata ƙasa, mu tayar da wani ɗan asibiti da ruwa ya rushe. Mahaifin Auta ne shugaban tafiyar. Akwai kuma Dogo, mai kaɗa mana ganga a coci, wanda ya nemi aurenta aka ce masa, "Sai mun dawo, in ga hannunka a aiki tukuna."

Muka sauka, akwatin Shugaba bai sauka ba, takalmin aikinsa kuwa yana ciki. Ga shi da ciwon suga, likita ya ja masa kunne ko ƙaya kada ta taɓa ƙafarsa. Gari na wayewa sai ga takalmin roba a bakin ƙofarsa.

"Allah Ya saka wa masu masaukinmu," in ji shi. Ya cusa takarda a ciki don ya yi masa yawa, ya zura.

Auta ta gane takalmin. Ita ta raka Dogo ya saya.

Bayan 'yan kwanaki ta ritsa shi a bayan tulin yashi, yana ɗingishi da bokitin kwaɓi, sanye da wani tsohon takalmin kambas.

"Cire in gani!"

"Ba komai, zuciyata..."

"Ba komai? Ruwan siminti wuta ne, Dogo! Zan gaya wa Baba."

"Ki gaya masa ya yi me? Ya wurgo mini shi a fuska, ya shiga kwaɓi da silifas? Ni ƙafata za ta warke. Tasa fa?"

Hawaye suka bi kuncinta. Ta san halin mahaifinta. Gara ya taka wuta da a ce yau yana cikin alherin mai ganga.

"Yi mini alkawari, Auta."

"Na yi..."

Alkawarin nan ya zame mata ƙarfen ƙafa. Kullum tana miƙa wa mahaifinta bulo, yana nuna Dogo da haɓa.

"Ga angon naki can, tafiya sai ka ce hawainiya. Ai kwaɓa siminti ba kiɗan Lahadi ba ne!"

"Baba, yana ƙoƙari..."

"Na ga ƙoƙarin. Idan mun koma gida zai ji amsata, ke ma kin san ta."

In ta faɗa, ƙafar uba ta shiga haɗari. In ta yi shiru, ta rasa Dogo. Yarinya ta rame ina kallo, abinci sai ta juya cokali ta tashi.

Ranar da aka ɗora rufi, muka taru a sabon ɗakin, yana ta warin fenti. Mu kam ba ma barin wurin aiki sai mun zauna a da'ira, kowa ya wanke ƙafar na damansa, yadda Ubangiji ya yi wa almajiransa. Ni ne a daman Shugaba.

Auta ta sunkuyo kunnena. "Kaka, don Allah ka tashi."

"In tashi? Ke 'yar nan, kin san shekarun da fasona ya yi yana jiran babanki ya durƙusa masa?"

"Kaka..."

Na dube ta, na gane. Na miƙe ina kukan ciwon baya, na fizgo Dogo na dasa shi a kujerar. Ya so zillewa, na danne kafaɗarsa. Hannun da ya yi kokawa da kogi, wane Dogo!

Shugaba ya haɗe rai, amma ya durƙusa. Ya kwance kambas ɗin. Ya ja safa, safa ta ƙi fita, ta manne da nama. Ya jiƙa ta da ruwa, ya ja a hankali.

Tafin ƙafar duk ya saɓule, yatsu sun yi jajir.

"Ina takalminka na aiki?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

Shugaba ya dubi doguwar ƙafar da ke hannunsa. Ya waiwaya bakin ƙofa, inda takalmin roba yake tsaye, takarda na leƙowa daga ciki.

"Shi ya sa ya yi mini yawa..." in ji shi. "Auta, kin sani?"

"Na sani, Baba! Ka gafarce ni, alkawari ya sa ni."

"Ina taka alherinsa ina zaginsa." Hawayensa na ɗiga cikin kwanon ruwan. "Ɗana, na ce zan duba hannunka, ashe ƙafa ya kamata in duba. Na gode... na gode. Auta, zo ki riƙe mini tawul, mu wanke wa mijinki ƙafa."

Ta faɗo a gwiwa tana kuka tana dariya. Masu masaukinmu ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma su suka fara waƙar godiya. Ni kuwa, wani abu ne ya faɗa mini ido.

Asibitin nan yana tsaye, Shugaba na yawo da ƙafafunsa biyu, ni na yi rawar gaba ranar bikin. Mai musu ya zo in kai shi gidan Dogo, ya ce ya cire takalmi. In bai ga tabo ba, ya aske mini gemu a bakin coci, ni zan sayi rezar!