Butar Shayin da Zara'u Ta Ɓoye

"Ina butar shayin gidan nan?"

Inna Hindu ce tsaye a bakin ɗakin surukarta. Zara'u ta durƙusa, ta amsa a hankali cewa ita ta ɓoye ta a ƙarƙashin gado.

A zaure kuwa Yaya Gado, wan mijinta, yana zaune tun la'asar. Daga Korgom ya tako da ƙafa, kuma ruwa kawai aka kai masa. Su asalinsu Azbinawa ne. A gidansu baƙo bai sauka ba sai an ɗora masa shayi sau uku. Ko a wannan shekara ta fari, da sojoji ke rabon dawa a bayan mota, sun gwammace su rage tuwo da su rasa ganyen shayi.

Zara'u ta san haka sarai. Amma ta san abin da Inna ba ta sani ba.

Tun da raƙuman Ƙadri suka mutu ɗaya bayan ɗaya, mijin nata ya daina barci. Ya rame, ya daina magana, ko akuya ta yi atishawa sai ya zabura. Da ƙyar ta lallashe shi suka je asibitin Tasawa a ɓoye. Likita ya ce babu allurar da za ta yi masa aiki kamar ya gyara zamansa: ya bar shayi daga azahar, ya daina kwana da rediyo a kunne, ya riƙa tattaki bayan asuba, ya kuma samu wanda zai faɗa wa abin da ke cinsa. Sati uku ke nan suna bi. Shekaranjiya sai da ta girgiza shi kafin ya tashi salla, ta juya baya ta share hawayen murna.

Ta kuma san halinsa. In aka hura gawayin shayi, kunyar wansa ba za ta bar shi ya ƙi kofi ba.

Inna ba ta tsaya jin bayani ba. Ta ce dama ta faɗa tun ranar ɗaurin aure, ɗiyar manoma ba ta san darajar baƙo ba. Ta ce an ga Zara'u tana jan ɗanta bayan gari kamar tunkiya, wa ya sani ko wani abu ta ba shi ya ci. Yaya Gado ya shigo yana kaɗa riga, ya rantse ba zai kwana a gidan da mace ke auna wa maza abin sha ba.

"Ɗaure kayanki," in ji Inna. "Gobe amalanken Mayahi zai maida ke gidan ubanki."

Zara'u ta ɗaga ido ta dubi Ƙadri. Yana jingine da rumbu. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma sirrinsa ne, kuma namiji a danginsu ba ya cewa yana jin tsoro. Ta haɗiye maganar, ta shiga ɗaki ta shimfiɗa zane.

Tana ɗaure bakin ƙunshin ta ji muryarsa a tsakar gida.

"Inna, ni ne ba ni da lafiya. Wata biyu ban runtsa ba. Na sha zama bakin rijiya ina tunanin abin da Musulmi ba ya faɗa... Duk kuna gidan nan, ita kaɗai ta gani."

Yaya Gado ya tofar da yawu, ya ce raƙuma sun tafi da mazantakar ƙanensa, ya sa takalmi ya fita. Idanun Inna suka kaɗa, amma bakinta bai sauko ba. Ta ce tun da Ƙadri ya zaɓa, daga yau kowa ya ci tukunyarsa.

Raba tukunya a shekarar yunwa ba ƙaramin abu ba ne. Zara'u ta fito tana kuka, ta roƙi Ƙadri ya bar ta ta tafi, kada ya rasa uwa saboda ita.

Ya zagaya bayan gida ya ɗauko duwatsu uku, ya jera su a ƙofar ɗakinta, ya durƙusa yana gyara musu zama.

"Kwance kayan nan, sanyin idona," ya ce. "Kawo itace."